Zan kawo ɗan kwikwiyon Rottweiler gida, me ya kamata in tanada kafin ya iso?

Mai_Zaure:
Assalamu alaikum. An yi min alkawarin ɗan kwikwiyon Rottweiler domin gadin gida, yanzu satinsa 5. Gidan yana Kano, tsakar gida siminti ce, akwai yara ƙanana da 'yan kaji. Masana, me zan gyara kafin in ɗauko shi, kuma yaushe ya dace a raba shi da uwarsa?

Asibitin_Dabba:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a ba ka shi kafin ya cika sati 8. A wannan tsakanin ne yake koyon sassauta cizo wajen wasa da uwarsa da 'yan'uwansa, kuma wanda aka cire da wuri yakan tashi da tsoro da saurin kai baki. Kare ne da namijinsa kan kai kilo 50, don haka wannan darasi ba ƙarami ba ne.

Abin da ya fi kashe 'yan kwikwiyo a wannan ƙuruciyar shi ne cutar fabo: amai, gudawa da jini mai ƙarni, sai ruwan jiki ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Rottweiler na cikin jinsin da ta fi kamawa. Ƙwayar cutar tana iya yin watanni a cikin ƙasa, kuma tana shigowa gida a tafin takalmi. Idan wani kare ya taɓa zama a gidan, ka share, ka wanke simintin da sabulu, sannan ka zuba ruwan bilic irin Hypo ko Jik, ka bar shi jiƙe minti 10 kafin ka ɗauraye. Bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ana sa awo 1 a ruwa awo 30. Wanda bai kai haka ƙarfi ba sai a rage ruwan. A kan turɓaya kuwa bilic ba ya aiki sosai, gara a hana shi wurin.

Riga-kafi: allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Dalilin maimaicin shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko kamawa, kuma ba a san ranar da za ta gushe ba. Allurar ciwon haukan kare kuma daga wata 3. Ka karɓi katin riga-kafi mai ɗauke da tambarin kwalbar da sa hannun likita. Ka kuma kula da inda aka ajiye allurar, domin idan ta yi zafi saboda ɗauke wuta ta lalace, ko da an yi masa ita.

Maganin tsutsar ciki duk sati 2 har ya kai sati 12, daga nan wata-wata har wata 6. Wannan ya shafi yaranka ma, tunda ƙwan tsutsar yana fita a kashinsa. A riƙa kwashewa kullum. Kaska kuma tana sa musu zazzaɓi da ƙarancin jini, amma kada a yi masa wanka da maganin feshin shanu, ya fi ƙarfinsa. Likita ya zaɓa masa gwargwadon nauyinsa.

Mai_Horon_Karnuka:
Likita ya gama da lafiya, ni zan tsaya kan gidan da mutanen cikinsa.

Farko wurin kwana. Baƙin gashi gare shi da kauri, zafi na wahalar da shi ƙwarai, kuma ka san bazarar Kano, Afrilu ma'aunin zafi na haura 40. Kejin kwano a tsakiyar rana zai iya kashe shi. A gina masa ɗaki a gefen da inuwa ta fi daɗewa, iska na ratsawa ta ɓangare biyu, rufin da silin ko zana a ƙarƙashin kwanon, ƙasan kuma da ɗan gangare don ruwan wanki ya wuce. A auna da girman da zai yi, ba na yanzu ba. Kwanon ruwa ya zama mai nauyi wanda ba zai kifar ba. Kuma ya yi nesa da madafa da wurin alwala, kwanukansa da sosonsu daban, wannan zai kawar da yawancin saɓani da mutanen gida.

Katanga ta kai mita 1.8, a toshe ƙarƙashin ƙofa da bakin magudanar ruwa. Abin da na fi so ka ba muhimmanci shi ne ƙofa ta biyu mai sakata tsakanin zaure da tsakar gida. Gidajenmu ba a rasa mai shigowa: almajiri da ƙoƙonsa, yaran maƙwabta, mai tallar nono, mai kawo ruwa. Yawancin cizo a nan yake faruwa, yaro ya turo ƙofa ya yi kiciɓis da kare, ya juya da gudu. Ka sanar da maƙwabta tun kafin ya zo.

Ka durƙusa ka dubi tsakar gidan daga tsayinsa. Wayar wuta, silifas, leda, batir, duk zai tauna. Shinkafar ɓera ta bar gidan gaba ɗaya, har ɓeran da ya ci ta ya mutu haɗari ne. Rijiya da bakin masai a rufe. Kajin a killace su da waya, ya riƙa ganinsu yana kan igiya, ana ba shi lada idan ya natsu.

Yara kuma a zaunar da su. Ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma ɗan kwikwiyo na barcin awa 18 ko fiye a rana. Ba a hawa bayansa, ba a jan wutsiya, ba a gudu ana ihu a gabansa. Idan ya kama hannu da wasa, a daina wasan nan take a miƙa masa abin taunawa. Babba ya kasance a wurin duk lokacin da suke tare. Kalmomin umarni kuma kowa ya yi amfani da iri ɗaya: idan "zauna" ce, to "zauna" ce a bakin kowa.

Don Allah, Malam, kada ka bi masu cewa a ɗaure shi da sarƙa a duhu ko a riƙa dukansa don ya yi zafi. Gadi a jininsa yake, zai fito da kansa idan ya girma. Abin da kulle da duka ke haifarwa shi ne kare mai tsoro wanda bai bambance ɓarawo da baƙo ba. A nan zan ɗan ƙara kan maganar likita: kafin sati 14 ne yake saurin sabawa da abubuwa, don haka jiran riga-kafi bai hana a nuna masa duniya ba. A ɗauke shi a hannu zuwa ƙofar gida, ya ga babur da adaidaita, ya ji janareta, ya ga mai rawani da mai hijabi, ƙafarsa dai kada ta taɓa ƙasar waje.

Uwar_Garke:
Abinci ne ba a taɓo ba. Ka tambayi mai shi abin da yake ci, ka ci gaba da shi, in za ka canza ka riƙa gaurayawa a hankali cikin kwana 7, in ba haka ba zawo. Sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, sannan sau 2. A nemi abincin kwikwiyo na manyan karnuka, kuma kada a ƙara masa ƙwayar kalsiyum ko garin ƙashi. Mutane na ɗauka ƙarfi yake sawa, alhali yawansa da yawan ƙiba ne ke lalata gaɓoɓi, jinsin kuwa dama yana da matsalar ƙugu da gwiwar ƙafar gaba. Ya kamata ka ji haƙarƙarinsa idan ka shafa. Santsin tayil da tsalle daga bene ma suna cutar da gaɓoɓin, a shimfiɗa tabarmar roba inda yake wasa.

Ragowar tuwo da miya ba abincinsa ba ne, akwai albasa da tafarnuwa masu fasa ƙwayoyin jini. Haka goro, cakulan, inabi, dafaffen ƙashin kaza, da farasitamol, duk haɗari ne gare shi.

Mai_Zaure:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar ɗaukowa fa, me zan duba?

Asibitin_Dabba:
Ka je da kanka ka ga uwar, halinta da yadda take tafiya. Kwikwiyon ya zama mai kuzari, ido garau, dasashi ja-ja ba fari ba, ƙarƙashin wutsiya babu alamar gudawa. Ka shimfiɗa tsumma a kwali, ka roƙi ƙyallen da ke da warin uwar, yana rage kukan daren farko. Da isa gida ka ajiye shi inda kake so ya riƙa bayan gida, sannan a mayar da shi can duk bayan ci da tashi daga barci. Cikin kwana 3 ka kai shi likita ya duba shi ya auna nauyinsa, kuma a asibitin ka riƙe shi a hannu, kada ka sauke shi ƙasa.