Neman kalma: me za mu kira iskar da jirgin sama ke bari a bayansa?

Bakabe: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa shirin rediyo kan jigilar alhazai daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, sai na cije a kan kalmar wake turbulence, wato iskar nan da ke murɗawa a bayan jirgi idan ya wuce. Saboda ita ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa jirage aji-aji, gwargwadon iyakar nauyin da aka yarda kowanne ya tashi da shi. Kilo 7,000 zuwa ƙasa aji ɗaya ne, daga nan har ƙasa da kilo 136,000 wani aji, abin da ya kai 136,000 ko ya wuce shi ne na uku. Airbus A380 kuwa an ware masa nasa a sama da su duka. Na rubuta "iskar inji". Ta yi?

Bazamfariya: Wa alaikumus salam Malam. Me ya hana "gargada"? Kowa ya san ta.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗiyata, gargada abin da fasinja ke ji ne a kujerarsa, ko daga hadari ta zo ko daga ina. Kai kuma Malam, cire inji daga maganar. Fiffike ke haifar da wannan iska. Matsin iska a ƙarƙashin fiffike ya fi na samansa, don haka ta ƙasa takan kewayo ta bakin fiffiken ta nannaɗe. Sai ka sami guguwa biyu a kwance, ɗaya dama ɗaya hagu, suna juyawa suna nutsewa a hankali. Sun fi muni idan jirgin na da nauyi kuma yana tafiya sannu, wato daidai tashi da sauka. Ƙaramin jirgi ya faɗa ciki, tana iya kifar da shi. Shi ya sa idan yana bin babba wajen sauka ake ba shi tazarar mil 6 na teku, matsakaici mil 5, babba a bayan babba mil 4. Wajen tashi kuma ƙarami ko matsakaici ya jira minti 2 a bayan babba.

Bayawuri: Mu nan bakin Kwara ai mun daɗe da sanin ta. In babban jirgin ruwa ya ratsa, mai ƙaramin kwalekwale ba ya kutsawa sai igiyar ta lafa. Ni "sawun iska" nika gani.

Bazamfariya: Sawu ya yi daɗin ji, Yaya, amma ba ya tsorata kowa. Sawu ba ya kayar da mutum.

Tsohon Ma'aikaci: Gaskiyarta. Ku ɗauki "guguwar fiffike". Ta faɗi siffa, ta faɗi tushe, ta kuma rufe ƙofar kuskuren inji. Aibinta ɗaya, guguwarmu a tsaye take, wannan a kwance. Sai mai shiri ya bayyana wannan da bakinsa.

Bakabe: Na karɓa, Baba, Allah ya ƙara girma. Saura sunayen ajin. Mara nauyi, matsakaici, mai nauyi, waɗannan ba gardama. Boeing 737 matsakaici ne, 747 da A330 irin na alhazai masu nauyi. Na A380 fa?

Bayawuri: Giwa.

Bazamfariya: A'a, mai sauraro zai zaci sunan kamfani ne. Jibgege.

Tsohon Ma'aikaci: Jibgege ya zauna, jirgin da ke iya tashi da tan 575 ya ci sunan. Amma Malam ka gaya wa masu sauraro cewa Hausar tamu ce nan ƙasa. Matuƙin 747 in ya fara kiran hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, da Turanci zai ƙara kalmar "mai nauyi" bayan lambar kiransa, haka ƙa'idar take.

Bakabe: To, guguwar fiffike da jibgege sun shiga rubutu. Wanda ke da ja ya kawo kafin mu shiga ɗaukar shiri.