Hadarin yamma da filin atisaye

Koci Bashar: Salamu alaikum. Damina ta kankama, hadari kullum a fili yake tarar da mu. Wa ya san na'urar da ke gargaɗi kafin tsawa, da kuɗinta?

Nura Gola: Koci, ragarmu ma ba a ɗinke ba.

Malam Sani mai wayarin: Akwai ta. A Amurka suna kafawa a filayen wasa, in walƙiya ta matso sai jiniya ta tashi. Mu dai kunne ya ishe mu. Da ganin walƙiya ka fara ƙirge, duk daƙiƙa 3 kilomita guda ke nan. In ka ji cida ba ka kai 30 ba, busa usur.

Baba Mamman: Ku ji ta Sani. Bara muna kallon wasa a filin wata makaranta nan Birnin Kebbi, gabas ta yi baƙi, iska na kwasar leda. Alƙalin wasa ya ce saura minti biyar. Ko yayyafi ba a fara ba. Jama'a sunka taru gindin dogonyaro, sai ƙara. Wani yaro mai tallar gyaɗa ya faɗi, farantinsa can gefe. Anka yi cirko-cirko, wai kar a taɓa shi sai an kawo nono. Wani ma'aikacin asibiti ne ya ture mutane ya yi ta danna mai ƙirji har numfashi ya dawo. Har yau kunnensa guda ba ya ji.

Aminu Nas: Allah ya ƙara mai lafiya. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jiki, a taɓa shi nan take.

Nura Gola: To mu fake rumfar mai shayi.

Malam Sani mai wayarin: Rumfar da ba bango? A'a. Aji, ko masallaci, ko mota a rufe gilashi. Kuma sai an yi minti 30 da jin cidar ƙarshe za a koma.

Ɗan Argungu: Minti 30? Magariba ta yi, mu da muke cin biyu da nema.

Aminu Nas: A Kwango a 1998 an ba da labarin 'yan wasa 11 da tsawa ta kashe ana cikin wasa.

Ɗan Argungu: Su ma 'yan Nura ke cinsu?

Nura Gola: Kai fara biyan kuɗin ƙungiya tukuna.

Koci Bashar: Wa ke riƙe da mabuɗin ajin nan na kusa da famfo?