Firmware, driver da patch: ku agaza min da Hausarsu kafin Azahar ɗin gobe

Maman Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙaramin banki nake wa aiki, hedikwatarmu a nan Bauchi, rassa a Azare, Misau, Ningi da Toro. Sashen kwamfuta sun rubuto sanarwa da Turanci, oga ya ce in mayar da ita Hausa a tura wa rassa kafin Azahar ɗin gobe Alhamis, don masu gadi da masu shara su ne ke bin soket suna kashewa in an tashi aiki. Sanarwar na cewa daren Juma'a, wayewar Asabar, za a yi wa kwamfutocinmu duka patch na firmware da drivers daga hedikwata, ba wanda zai taka zuwa reshe, saboda haka kada a kashe, kada a zare waya. "Daga nesa" ban sha wuyarsa ba. Ukun nan ne suka gagare ni.

Ɗan Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Patch ai faci ne Hajiya, wannan an gama. Driver direba. Firmware manhajar ciki. Sai a turo ladan fassara Gombe.

Ɗalibar Yelwa:
Yaya, wace manhaja ce take waje? Duk a ciki suke. Faci dai na yarda da shi fiye da "sabuntawa", don sabuntawa na iya zuwa da abin da babu shi da, faci kuwa inda ya ɓule ake bi.

Maman Haidar:
Direba ba zai yiwu ba. Muna da direbobi na gaske masu tuƙa motocin banki. In na rubuta "za a sabunta direbobi daren Juma'a", kafin La'asar matansu sun fara kirana suna tambayar laifin da mazansu suka yi.

Injiniya Ɗan Wunti:
A ga fuskar yaro tukuna kafin a raɗa masa suna. Firmware 'yar manhaja ce da kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya rubuta a kan wani ɗan guntu da ke manne a allon cikinta, wanda masu gyara ke ce wa bod. Kana danna maɓallin kunnawa ita ke fara farkawa, ta duba kayan ciki ko lafiya, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Ta da BIOS ake ce mata, ta yanzu UEFI. Ko ka goge Windows kaf tana nan daram. Driver kuwa a cikin Windows yake zaune, kuma kowane kayan aiki da nasa: firinta, na'urar ɗaukar zanen yatsa, katin intanet. Windows ya ba da umarni, shi ya juya umarnin zuwa abin da firintar ke ganewa.

Abin da ya sa ake ta jan kunne kan soket shi ne, lokacin da ake rubuta sabuwar firmware ana goge tsohuwar daga guntun ne. Wuta ta yanke a tsakiya, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya, allo baƙi ƙirin, kuma daga Bauchi ba abin da za a iya yi mata tunda ko intanet ba za ta hau ba. Wasu na ofis irin na Dell da HP da Lenovo suna da hanyar farfaɗowa, amma ni ba zan dogara da ita a Ningi ƙarfe biyun dare ba. Laftof da yawa ma ba sa yarda su fara sai caja na jikinsu. Duk kalmar da za ku zaɓa, ta zama wadda mai gadi zai ji ya janye hannunsa daga bango.

Malam Na-Gwallaga:
Assalamu alaikum. 'Yata, na karanta buƙatarki, na kuma karanta amsoshin da aka ba ki, raina ya ɓaci. Faci? Direba? Wannan ba fassara ba ce, Turanci ne aka sa wa hula. Faci na mai faci ne a bakin titi da kwanon ruwansa. Hausa na da maho tun kafin taya ta iso ƙasar nan. Riga ta yage a yi mata maho, to manhaja ma ta yage a yi mata maho. Abin da Injiniya ya bayyana a kan driver kuwa aikin tafinta ne sak, mai tsayawa tsakanin biyun da ba sa jin harshen juna.

Amma wadda na fi so ku tsaya ku duba ita ce ta uku, wato firmware. Abu ne a can cikin ƙashi, ido bai ganinsa, ba a cire shi cikin sauƙi, in ya lalace jiki duka ya kwanta. Sunansa ɓargo. Manhajar ɓargo. Na daɗe da wannan kalma a littafin ajiyata, na kuma gwada ta a kan ɗalibaina sun karɓa.

Ɗan Jekadafari:
Ɗalibai ai dole su karɓa Baba, maki na hannunka.

Ɗalibar Yelwa:
Allah ya gafarta Malam, tafinta ta yi min daɗi ƙwarai, ta fi direba nesa ba kusa ba. Sai dai in don gudun Turanci ne, ita ma daga interpreter ta fito. Manhaja da na'ura kuma Larabci ne. Ba gardama nake ba, tuni ne.

Malam Na-Gwallaga:
Na sani 'yata, ni na koyar da aron kalmomi kafin a haife ki. Larabci ba baƙo ba ne a gidan nan. Tafinta kuma tun zamanin Turawan mulki take cikinmu, ta haifi jam'i, ta shiga bakin tsofaffi.

Ɗan Jekadafari:
Faci ma ya shiga bakin tsofaffi Baba. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san a kai keke faci. Maho kuwa ka je Tudun Wada ka tare matasa goma ka tambaye su, mu ga nawa za su amsa.

Malam Na-Gwallaga:
Jahilcin matasa ba hujja ba ce. Dalili ke nan ma da ya sa za a rubuta maho, su gani su tambaya.

Maman Haidar:
Baba Malam, da girmanka, mai gadin Misau ba shi da wanda zai tambaya ƙarfe shida na yamma. Bari in gwada taka in ji yadda za ta zauna: "Daren Juma'a za a yi wa manhajar bargo maho."

Ɗan Jekadafari:
Innalillahi. Hajiya sake duba abin da kika rubuta.

Maman Haidar:
Kwamfutar ofis ce, ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Kuma da ita zan buga sanarwar.

Ɗalibar Yelwa:
To shi ke nan, ranar Asabar a tarar an lulluɓe kowace kwamfuta da bargo saboda sanyin Toro. Kada ma wani ya ce a koma "manhajar ƙashi", in lanƙwasar ta faɗi a nan abin ya fi muni.

Malam Na-Gwallaga:
Laifin allon rubutu ne, ba na kalma ba. Bankin da ya iya sayen kwamfutoci ya cika rassa ya kasa sa musu ɓ da ɗ da ƙ? A nan ya kamata a fara yin mahon.

Bakanon Muda Lawal:
Ni dai ina shago ina ta dariya. Mu masu gyaran waya da laftof filashin muke cewa, a yi wa waya filashin, kowa ya gane, ciniki ya faɗa. In kuma kalmar littafi kuke so ku bar wa Kano. Jami'ar Bayero ke da cibiyar nazarin harsuna, su suka fitar da ƙamus a 2006, daidaitacciyar Hausa kuma kowa ya san a kan Kananci aka gina ta. Ba a zauren Bausawa za a yanke wannan ba.

Malam Na-Gwallaga:
Kai yaro, a kasuwarmu kake cin abinci kana faɗin haka? Garin da ya haifi Sa'adu Zungur ne zai jira Kano ta aiko masa da kalma a mota? Ƙamus tattara abin da mutane suka riga suka faɗa yake yi. Sai an ƙirƙira a Bauchi da Azare da Sakkwato kafin su sami abin tattarawa.

Bakanon Muda Lawal:
Allah ya huci zuciyar Malam. Amma ku da ba ku gama raba "ya" da "ta" ba, ku fara sasanta firmware mace ce ko namiji.

Ɗalibar Yelwa:
Mace ce, tunda manhaja ce. Kuma karin harshe ba kuskure ba ne, ka je ka tambayi cibiyar taku.

Ɗan Jekadafari:
Ku yi ta yi, mu Gombawa mun ba da gudunmawarmu: tarin kwamfutocin kamfani da ake kula da su daga wuri guda a kira su garke. Injiniya kuma makiyayi.

Bakanon Muda Lawal:
Bafulatani dai ko a intanet sai ya kawo saniya.

Injiniya Ɗan Wunti:
Jama'a baiwar Allah nan na da Azahar a gabanta. Filashin ba zai yi ba, a bakin mutane yana nufin goge komai, ma'aikaci ya ji haka sai ya kwana kwashe takardunsa a filas. Shi wanda ya ƙirƙiro kalmar firmware ɗin, Ascher Opler, a 1967, wasa ya yi da kalmomi: ga hardware mai tauri, ga software mai taushi, ga firmware a tsakaninsu. Bai jira wata cibiya ba, kuma ba lallai mu bi hoton da ya bi ba. Ni zan ce manhajar tushe, don a kanta komai ke tsayawa, kuma ba harafi mai lanƙwasa a ciki.

Hajiya, akwai abu biyu da suka fi kalmomin nan muhimmanci. Na farko, ki tambayi sashen kwamfuta ko da gaske duka rassa za su yi a dare guda. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura gyara mai kuskure ga kowa a lokaci ɗaya, Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka faɗi, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Ba firmware ba ce, wani fayil ne da driver ɗinsu ke karantawa, amma da yawa sai da mutum ya zauna gaban kowace kwamfuta ya gyara da hannu. Shi ya sa ake farawa da kaɗan a hedikwata, a jira kwana biyu, sannan reshe ɗaya, sannan saura. Manhajojin kula da kwamfutoci daga nesa, irin su Intune, suna ba da damar a raba haka.

Na biyu, in kwamfutocinku na da BitLocker, wato makullin Windows da ke kulle bayanan ciki, sauya firmware kan sa ya ɗauka an taɓa na'urar, ya tsaya yana neman lamba mai alƙaluma 48. Ana dakatar da shi kafin a fara, amma ba a rasa wadda za ta zame. Ki sa a sanarwar cewa wanda ya ga shuɗin allo na neman lamba kada ya yi ta cinke, ya kira.

Bakanon Muda Lawal:
To in haɗarin ya kai haka a bar su mana. Abin da ke aiki me ya kai ka taɓa shi?

Injiniya Ɗan Wunti:
Haka wasu suka ce a 2017. Microsoft ya fitar da facin a watan Maris, ba su sa ba, muguwar manhajar nan WannaCry ta zo a watan Mayu ta kulle kwamfutoci har a asibitocin Ingila. Banki ba ya cikin masu iya cewa a bari.

Ɗalibar Yelwa:
Manhajar tushe ta zauna a baki. Damuwata ɗaya, gobe in aka zo fassara operating system, wato irin su Windows, wani zai ce ita ce tushe. Na fi son dasasshiyar manhaja, tunda dasa ta aka yi a jikin ƙarfen.

Ɗan Jekadafari:
Ƙanwata, kafin mai gadi ya gama furta dasasshiyar an ɗauke wuta.

Maman Haidar:
Na gode muku duka. Na yi magana da sashen kwamfuta, sun ce hedikwata da Toro ne wannan Juma'ar, saura mako mai zuwa, su ne ba su rubuta ba. Ga abin da zan kai wa oga:

"Sanarwa ga ma'aikata da masu gadi. Daren Juma'a za a yi wa kwamfutocin ofis faci daga hedikwata, ba sai wani ya zo ba. Gyaran ya shafi manhajar tushe, wato wadda ke tayar da kwamfuta, da manhajojin da ke haɗa ta da firinta da sauran kayan aiki. Kada a kashe kwamfuta, kada a kashe soket, kada a zare caja, a bar inbata a kunne har safe. In ta mutu ta tashi da kanta, aikin ne. Kashe ta a tsakiyar aiki na iya lalata ta. Wanda ya ga shuɗin allo yana neman lamba, kada ya taɓa, ya kira sashen kwamfuta."

Driver dai na zagaye shi. Tafinta na so in sa, sai na ga sai na ƙara layi biyu ina bayanin wane tafinta.

Ɗalibar Yelwa:
Anti ki mayar da "in ta mutu ta tashi" zuwa "in ta kashe kanta ta kunna". Tafinta kuma ni zan riƙe ta a aikina na makaranta, da izinin Malam.

Malam Na-Gwallaga:
Na ba ki, ki rubuta inda kika samo ta. Manhajar tushe ba laifi, ko da yake ba ta da jini a jika. Faci ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba. 'Yata, ko a ƙasan takardar ne da ƙananan haruffa ki sa "wato maho", ba zai ci miki wuri ba.

Maman Haidar:
Zan sa Baba Malam, in oga bai soke ba.

Bakanon Muda Lawal:
Wadda ta ƙi tashi ranar Asabar dai a kawo shago, a nan filashin za mu ce mata.