Ni da mutumina muna son zuwa Cape Town hutu, wa ya taɓa zuwa?

Mai Son Teku:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban tanka ba, yau dai ga tawa. Ni da mutumina mun jima tare, kuma mun tara ɗan abin da za mu fita hutu da shi. Burinmu gari mai ɗumi a bakin teku, inda masu harka biyu, wato maza masu son juna, za su kama ɗaki ɗaya ba a tsare su da tambaya ba, su ci abinci ba tare da waige-waige ba. Shi ba mai son hayaniya ba ne, gidan rawa ba ya gabansa, ruwa yake so da tafiyar ƙasa. Ni kuma ba na wasa da salla, kuma ina kula da abin da nake ci. Duk inda na bincika sunan Cape Town na Afirka ta Kudu ke fitowa. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana: wane wata ya fi, wace unguwa za mu sauka, kuma da gaske ne babu mai sa wa mutum ido, ko zancen masu sayar da tikiti ne?

Yaya Tafiyayye:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ku je. Da gaske ne, kuma zan faɗa maka inda na tabbatar.

Ranar da muka sauka a wani ƙaramin masauki a unguwar Green Point, matar da ke karɓar baƙi ta duba takardarmu ta ce gado ɗaya kuka nema ko, ta miƙo makulli, ta shiga yi mana bayanin lokacin karin kumallo. Ko ɗago kai ba ta yi don ta ƙare mana kallo ba. Ni da na shirya ƙaryar da zan yi tun a jirgi, sai na rasa inda zan ajiye ta. Wanda bai taɓa rayuwa yana auna kowace kalma ba, ba zai gane nauyin da ke sauka daga wuyan mutum a wannan lokacin ba. Duk sauran abin da garin ya ba ni, a bayan wannan yake.

Kuma wannan sakewar tana da tushe a doka, shi ya sa ma'aikacin otal ba ya ganin ikonsa ne ya yi maka wulaƙanci. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin wanda yake so, kuma shi ne na farko a duniya da ya rubuta haka ƙarara. A 1998 kotun tsarin mulki ta soke tsohuwar dokar da ke hukunta maza masu neman juna. A watan Nuwamban 2006 aka halatta auren jinsi, ƙasa ta 5 a duniya, ta farko a Afirka. Mutane ne suka yi gwagwarmayar, irin su Simon Nkoli, wanda aka ɗaure saboda yaƙi da wariyar launin fata, ya fito ya jagoranci tattakin masu harka na farko a Johannesburg a 1990.

Batun wata: lokacin zafinsu daga Disamba ne zuwa Maris, rana takan kai wajen digiri 27, babu ruwan sama sosai. Yuni da Yuli sanyi ne da ruwa, kada ku kuskura. Ni Fabrairu ko Maris zan zaɓa, don ƙarshen Disamba 'yan ƙasa duk suna hutu, masauki ya yi tsada, bakin teku ya cika maƙil.

Tunda mutuminka mai son ruwa ne, ka gaya masa tun yanzu: garin ne ke da ɗumi, tekun kuwa ƙanƙara. Ɓangaren Atlantika, wato Clifton da Camps Bay, sau da yawa ruwan bai kai digiri 15 ba ko a tsakiyar zafi. Wata igiyar ruwan teku mai sanyi da ake kira Benguela ce ke bi ta gaɓar, ga iskar kudu maso gabas da ke kore ruwan sama-sama mai ɗumi, mai sanyin ya taso daga ƙasa. Mutane kan shiga su fito da gudu, su kwanta a yashi. Clifton kashi 4 ne, manyan duwatsu suka raba su, kuma na 3 nan ne namu suka fi taruwa. Duwatsun suna tare iska, sai ka ga ana can ana fama da guguwa a cikin gari, ku kuna kwance lafiya lau. Idan iyo na gaske yake so, ku tsallaka ɓangaren False Bay, Muizenberg ko St James, ruwan ya fi daɗin shiga.

Unguwar da aka sani da mu ita ce De Waterkant, 'yar ƙarama ce, tituna masu hawa da ganga, gidaje masu fenti kala-kala, wuraren shan shayi da na shaƙatawa a kan titin Somerset da kewayensa. Amma ga mutane irinku masu son natsuwa, ku sauka a Green Point ko Sea Point. Akwai doguwar hanyar tafiyar ƙasa da ta bi bakin ruwa, da yamma kowa na can: tsofaffi, masu gudu, iyaye da yara, mata masu hijabi, maza biyu riƙe da hannun juna. A nan ne mutumina ya kama hannuna a bainar jama'a karo na farko tun haɗuwarmu, kuma babu wanda ya fasa abin da yake yi.

Salla da abinci kuwa kada ka damu. Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi, tana maƙwabtaka da De Waterkant, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Masallacin Auwal da ke titin Dorp tun 1794 yake, shi ne mafi tsufa a ƙasar. Wuraren cin abinci da yawa a garin suna manna takardar shaidar halal a ƙofa. Ku hau dutsen Table da motar igiya ranar da babu iska, don idan iska ta yi ƙarfi rufewa suke yi. Tikitin jirgin ruwan Robben Island, inda Mandela ya yi shekara 18 a ɗaure, ku saya tun kafin ku taso.

Uwar Ɗaki:

Yaya, duk abin da ka faɗa haka yake, na zauna a garin lokacin karatu. Amma ba na son ƙanenmu ya tafi da rabin labari.

Wannan 'yancin da ka gani a Sea Point bai kai ko'ina ba. Ka shiga mota ka yi tafiyar rabin awa zuwa Khayelitsha ko Gugulethu, unguwannin talakawa na bayan gari, wata duniya ce. A Khayelitsha aka kashe Zoliswa Nkonyana a 2006, tana da shekara 19, don tana son mata, kuma sai a 2012 aka yanke wa mutum 4 hukunci. A Fabrairun 2025 aka harbe Imam Muhsin Hendricks, malamin Cape Town da ya fito fili ya bayyana cewa shi mai harka ne, a kusa da birnin Gqeberha. Ina faɗin wannan ne don zuciyata tana ciwo idan na ga baƙi sun zo sun sha iska sun koma suna cewa aljanna ce, alhali yarinyar da ta gyara musu gado, idan irina ce, da dare za ta koma unguwar da ba ta isa ta riƙe hannun masoyiyarta ba. Ku je, ku ji daɗi, kun cancanta. Amma ku kyautata wa ma'aikata, kuma idan akwai hali ku taimaka wa ƙungiya irin Triangle Project da ke aiki da namu na can.

Sannan ƙanena, ku sani a wasu wuraren shaƙatawa na De Waterkant da Clifton fararen fata ne suka fi yawa, baƙar fata yakan ji kamar shi ne baƙo a nahiyarsa. Wata rana na shiga wani wuri, aka yi ta hidimar waɗanda suka zo bayana ina zaune. Ba kullum ba ne, amma yana faruwa.

A Bo-Kaap ku shiga da ladabi, unguwar mutane ce masu addini, gidajensu ne, ku bar riƙe hannu sai kun fito. Da dare kada ku yi tafiyar ƙasa mai nisa, ku kira mota ta waya. Kada ku hau dutse ku biyu kaɗai ta hanyar da babu mutane. Kuma manhajojin neman aboki, ku kiyaye su: an sha yaudarar mutane ta nan a kai su wani gida a ƙwace musu waya da kuɗi.

Ɗan Baiwa:

Idan ruwan ɗumi ne gaba da komai a wurin mutuminka, ku duba Sitges a Sifaniya. Ƙaramin gari ne, kimanin minti 40 a jirgin ƙasa daga Basalona, kuma a Agusta da Satumba ruwan Bahar Rum ɗin kamar an dafa maka. Sun halatta auren jinsi tun 2005, kuma ko'ina a garin ƙafa za ta kai ka. Sai dai bizar Schengen, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Sifaniya, ba kowa take wa sauƙi ba, kuɗin Yuro ne za ka kashe, kuma masallaci da abincin halal sun fi samuwa a Basalona.

Mai Son Teku:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Uwar Ɗaki, maganarki ta shige ni, na karanta wa mutumina ita har ƙarshe. Mun tsaya a kan Cape Town. Yaya, tambaya ɗaya ta rage: na ga bikin Pride nasu, wato tattakin masu harka na shekara-shekara, yana faɗowa a watannin da ka ambata. Mu daidaita tafiyar da shi ko mu kauce masa?

Yaya Tafiyayye:

Ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris ake yi, tattakin kan bi ta Green Point. Yana da daɗin gani, ni har ƙwalla na yi da na ga iyaye mata suna tafiya tare da 'ya'yansu. Amma ranar kowa da wayarsa a sama, ga 'yan jarida, kuma hoton da aka ɗauka ba ka san inda zai kwana ba. Idan akwai wanda ba ku so ya gan ku, ku tsaya daga gefe da hula da tabarau, ko ku zo bayan an watse. Tsakiyar Maris har yanzu akwai rana, iska ta fara lafawa, masauki ya ɗan sauko. Ku nemi biza da wuri, kuma ku ɗauki rigar sanyi ko da guda ɗaya kowannenku, don yamma a bakin ruwan nan tana da sanyi.