Me za mu kira abin da jabel ke haifarwa cikin ruwa?

Jama'ar Damagaram, ina neman taimako. Za mu yi shirin rediyo kan ruwan sha, ga kalmar Faransanci ta tsaya mini a wuya: sous-produits de désinfection. Wato in jabel, ruwan kulorin da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da dauɗar da ta narke cikin ruwa, sai wasu sinadarai su samu, kamar kulorofom. Wani masani, Johannes Rook, ya gano haka a ruwan Rotterdam ta ƙasar Holan a 1974. Ni dai na rubuta "ragowar magani".

Wani ma'aikacin ruwa: Hajiya, wannan ba zai yi ba. Ragowar magani ai ita muke so ta kai har bakin famfo, aƙalla miligiram 0.2 a lita, don ta tsare ruwa cikin bututu. Kin ba abin kirki sunan abin gudu.

Wani ɗalibi: To "gubar jabel" fa, Baba?

Ma'aikacin ruwa: Kul, ɗana! Ranar da aka faɗi wannan a rediyo, mata za su daina saka jabel a randa. Amai da zawo na iya kashe mutum cikin yini guda. Waɗannan sinadarai kuwa, sai an shekara da shekaru ana sha da yawa ake danganta su da kansar mafitsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kayyade kulorofom a miligiram 0.3 a lita, amma ta ce kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoronsu.

Wata malamar asibiti: Ni "ƴaƴan jabel" nake cewa a asibiti, kuma ana ganewa. Jabel uba, dauɗa uwa. In ka raba su babu haihuwa. Ruwan rijiyoyin burtsatse irin na Gogo Machaya da Aroungouza, inda ake jawo wa Damagaram ruwa, ba shi da dauɗar ganye sosai. Matsalar tana ga mai ɗebo ruwan tabki da damina, ja wur, ya antaya jabel kai tsaye. A bar shi ya kwanta tukuna, ko a sa garin ƙwayar zogale ya tattara lakar, a tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a sa magani daidai awo, a jira minti 30.

Ma'aikacin ruwa: Ki ƙara da zafi, Malama. Ruwa in ya daɗe a tanki ko cikin jarka a rana, ƴaƴan ƙaruwa suke. Ga garinmu kowa tara ruwa yake don bai san ranar da famfo zai sake kawowa ba.

Hajiya mai tambaya: To, na ɗauki "ƴaƴan jabel". A rubuce na hukuma sai mu ce "sinadaran da tsabtace ruwa ke haifarwa". Saura "turbidité", wato yadda laka ke hana ruwa yin garau: gurɓata ko dama-dama?