Neman shawara: hoton CT kafin sauya bawul ɗin zuciya, ga kuma raunin ƙoda

Tambaya daga Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Mahaifinmu shekararsa 74, bawul ɗin zuciyarsa ya tsuke, za a sa masa sabo ta jijiyar cinya ba tare da buɗe ƙirji ba, aikin da ake kira TAVI. An ce sai an yi CT da allurar da ke haska jijiyoyi, ga shi eGFR ɗinsa, wato ma'aunin aikin ƙoda, 28 ne, kuma allurar kan iya cutar da ƙoda mai rauni. Akwai yadda za a rage ruwan allurar?

Mai ɗaukar hoton asibiti: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Hoton ba makawa, da shi ake auna kujerar da bawul zai zauna da faɗin jijiyar cinya. Yawanci ana zuba mililita 80 zuwa 100, amma na'ura mai sauri tana iya aiki da 40 ko ƙasa. Dabarar ita ce a sauke ƙarfin wutarta daga kilovolt (kV) 120 zuwa 80, don sinadarin ayodin da ke cikin allurar ya fi haske a can, sai dai mai ƙiba hotonsa kan yi dishi-dishi. A sa kanula, wato siririn bututun da ake sawa a jijiya, mai lamba 18 a hannun dama, a biyo da ruwan gishiri ya tura allurar. Abin da ya fi ɓata aiki motsi ne: Baba ya yi numfashi a tsakiya, a maimaita, ruwan ya ninka. Ku riƙa gwada masa riƙe numfashi na daƙiƙa 10 tun daga gida. Ku tambayi cibiyar ko tana yin wannan tsarin kafin ku biya kuɗi.

Likitar ƙoda: In eGFR ya yi ƙasa da 30 ne muke ɗaga gira. Don kare ƙoda, ana ba da ƙarin ruwa ta jijiya kafin hoton da bayansa, kusan mililita 1 ga kowane kilo a awa, amma mai tsukakken bawul in an cika masa sai ya taru a huhu, don haka likitan zuciya ne zai yanke adadin. A ajiye diclofenac da ibuprofen da jiƙe-jiƙen gargajiya. In yana shan metformin, maganin ciwon suga, a dakatar awa 48, a duba creatinine, gwajin jini na aikin ƙoda, bayan kwana 2 ko 3. Kada a haɗa da hoton jijiyoyin zuciya a rana ɗaya.

Wata ma'aikaciyar jinya: Kuma kada ranar ta zo yana azumin nafila. Ku ɗauki gorar ruwa, cunkoson Legas kaɗai ya isa ya busar da dattijo kafin a kai shi.