Muhawara: wanda ya san Draupadi ta littafin Turanci, ya san Mahabharata kuwa?

Malamin Adabi: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, wanda bai yarda ba ya fito mu yi. Littattafan Turancin nan da marubutan Indiya ke ta fitarwa tun wajen 2008, masu sake ba da labarin Ramayana da Mahabharata, tsofaffin waƙoƙin labari biyu na Indiya, ba sa sanar da mutum waɗannan labarai. Soyayya ce da jarumta irin ta zamani aka liƙa wa tsofaffin sunaye don ta yi kasuwa. Mahabharata, wadda ake jingina wa Vyasa, baiti kusan 100,000 ce da harshen Sanskirit, kashi 18. Ramayana ta Valmiki baiti wajen 24,000. Sai mutum ya karanta ɗan littafin da ake gamawa a mako guda ya ce ya san Draupadi. Ban yarda ba.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Malam. Na san da ni kake, tunda ni na kawo maganar The Palace of Illusions na Chitra Banerjee Divakaruni. Ga waɗanda ba su sani ba, Draupadi matar 'yan'uwa biyar ce, su Pandava. Babbansu Yudhishthira ya zauna caca da 'yan'uwansu na wajen uba, su Kaurava, 'ya'yan wan babansu, ya rasa dukiya da mulki da ƙannensa da kansa, daga ƙarshe ya sa matar. Aka jawo ta da gashin kai zuwa tsakiyar fada. Littafin ya fito a 2008, kuma ita Draupadi ce ke ba da labarin da bakinta tun daga haihuwa har mutuwa. Ka faɗa mini Malam, mace irina da ke fama da aiki da yara, ina zan sami Sanskirit? Ba don littafin nan ba, ko sunanta ba zan ji ba.

Malamin Adabi: Hajiya, jin suna daban, sanin mutum daban. Ginshiƙin littafin nan shi ne wai Draupadi ta rayu tana son Karna, jarumin ɓangaren Kaurava, a ɓoye. Wannan babu shi a wajen Vyasa. Shi Karna a fadar nan shi ya kira ta karuwa saboda mazanta biyar, shi ya ce wa Dushasana, ɗaya daga cikin Kaurava, ya tuɓe ta. Da zarar an saƙa soyayya tsakaninsu, wannan wulaƙanci ya koma fushin masoyin da aka yi wa rauni, mai karatu ya fara tausaya masa.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne, ana sayar da littafin a kan cewa yau ne aka ba ta baki. Ai da bakinta tun asali. Da ɗan aike ya je kiranta, sai ta ce ya koma ya tambayo mata Yudhishthira: kansa ya fara rasawa ko ita? Don in kansa ya fara rasawa, ya zama bawa, to bawa da wane iko zai sa mace a caca? Tana cikin jinin al'ada, zane ɗaya ne a jikinta, ta tsaya gaban dattawan gida ta maimaita tambayar. Bhishma, kakan gidan kaf, ya kasa ba ta amsa. Da makahon sarki Dhritarashtra ya tsorata ya ce ta roƙi abin da take so, ta roƙi 'yancin Yudhishthira. Ya ƙara mata, ta roƙi na sauran huɗun. Ya ce ta roƙi na uku, ta ce ya ishe ta. Ita ta fid da maza biyar daga bauta, ba ta roƙa wa kanta komai ba. Macen da ta yi wannan, me ta rasa da sai an ƙara mata saurayin ɓoye?

Ɗan Pune: Allah ya gafarta Malam, ina karatu a Pune, kuma a garin nan ne cibiyar Bhandarkar mai binciken tsofaffin littattafai take. Tambayata ita ce, asalin da ake karewa wanne ne? Malaman cibiyar nan sun fara aikin tantance Mahabharata a 1919, ba su gama ba sai 1966. Kwafin rubutun hannu 1,259 suka gwama, daga sassan ƙasar daban-daban, kuma abin da ya tsira a matsayin tsohon tushe bai kai baiti 80,000 ba. Labarin da kowane yaro a nan ya sani, cewa Ganesha, abin bautar Hindu mai kan giwa, ne ya rubuta yayin da Vyasa ke yi masa shifta, bai shiga tushen ba. Kiran da Draupadi ta yi wa Krishna, abin bautar Hindu kuma abokin Pandava, lokacin da ake jan zanenta shi ma bai shiga ba. A tushen, zannuwa ne kawai ke ta bayyana wani bayan wani. Son Karna kuwa, ba Divakaruni ta fara kawo shi ba. A waƙoƙin gargajiya na nan jihar Maharashtra akwai ruwayar da Draupadi ke furta cewa zuciyarta ta taɓa karkata gare shi.

Ɗan Fagge: To ni da finafinai na taso. A Ramayana, layin nan da Lakshmana, ƙanin jarumin labarin Rama, ya zana a ƙofar bukka ya ce kada Sita matar Rama ta tsallake, ta tsallake sarkin aljanu Ravana ya sace ta, shi ma ƙari ne?

Ɗan Pune: Babu shi a Valmiki, Yaya. Daga baya ya shigo. Haka mawaƙi Tulsidas, da ya rubuta tasa Ramayana da harshen Awadhi a ƙarni na 16, cewa ya yi ba Sita ta gaske aka sace ba, inuwarta ce, ita ta gaske an ɓoye ta a cikin wuta. Kamban ya yi tasa da Tamil a wajen ƙarni na 12. A ruwayar mabiya addinin Jain, Lakshmana ne ya kashe Ravana. A wata tsohuwar ruwayar mabiya Buddha ma, Rama da Sita wa da ƙanwa ne. Sake labarin nan sana'a ce da ta haura shekara dubu.

Alhaji Babba: Yara, ku saurara. Duk kuna magana kamar tatsuniya ce. Mu ba addininmu ba ne, amma akwai miliyoyin mutane da ke wa Rama da Shiva bauta, kuma Bhagavad Gita da suke karantawa a ibadarsu a cikin Mahabharata take. An ce mini wani Amish Tripathi ya mai da Shiva mutum, shugaban wata ƙabila daga Tibet. Abin da ba za mu yarda a yi wa namu ba, bai kamata mu tafa wa wanda ya yi wa na wasu ba.

Ɗan Pune: Ranka ya daɗe, haka ne, The Immortals of Meluha ke nan, na 2010. Sai dai shi Tripathi da bakinsa yake cewa mai bautar Shiva ne, kuma akasarin waɗanda suka sayi littafin har ya yi fice mabiya Hindu ne. Ba a yi masa bore ba. Abin da aka yi wa bore maƙalar A. K. Ramanujan ce, malamin jami'a, wadda ta nuna cewa Ramayana ɗaruruwa ce. Jami'ar Delhi ta cire ta daga manhajar tarihi a 2011 bayan matsin lamba, malamai da ɗalibai da yawa kuma suka yi zanga-zangar ƙin cirewar. Su kansu ba baki ɗaya suke ba. Wani abu kuma da zai ba Alhaji sha'awa: Sarki Akbar ya sa an fassara Mahabharata zuwa Farisanci tun 1582, kuma shirin talabijin na Mahabharat da aka fara a 1988, Musulmi ne ya rubuta zantukansa, Rahi Masoom Raza.

Alhaji Babba: Na ji. Amma yardar wasu ba ta share ɓacin ran wasu ba. Ni dai ina nan a kan ladabi.

Malamin Adabi: Ɗan Pune, ban musa ko ɗaya daga abin da ka lissafa ba, amma ka haɗa abin da bai haɗu ba. Kamban da Tulsidas sun sha tsohon littafin har ya zauna musu, sannan suka ba mutanensu da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, ana rerawa a dandali, wanda bai iya karatu ba ma ya ji. Turanci fa? A ƙidayar 2011, wajen kashi 10 cikin ɗari na mutanen Indiya ne suka ce suna jin sa. Marubucin Turanci yana rubuta wa 'yan birni da 'ya'yan Indiyawan Amurka da Ingila ne, dole ya ba su irin abin da suka saba ci: jarumi mai shakkar kansa, makirci a fada, kashi na ɗaya da na biyu da na uku. In ana son sake labari mai nauyi, ga M. T. Vasudevan Nair da ya ba da Mahabharata ta bakin Bhima, ɗaya daga cikin Pandava, da harshen Malayalam a 1984, ga Pratibha Ray da ta ba Draupadi baki da harshen Odiya, ga Shivaji Sawant da ya yi na Karna da Marathi tun 1967. Sun riga na Turanci da shekaru, amma a waje na Turancin ake ɗauka su suka fara.

Ɗan Pune: A nan kam ina ganin abin da idona, Malam. A ɗakin kwananmu akwai ɗan Tamil Nadu da ɗan Bengal, babu mai jin harshen wani, kuma ɗan Tamil ɗin ba ya son Hindi. Da Turanci suke musu a kan ko Karna gwarzo ne ko azzalumi, littafi ɗaya na yawo tsakaninsu har bangonsa ya cire aka ɗaure da salatif. Ba yau aka fara ba kuma. C. Rajagopalachari, gwamna-janar na ƙarshe a Indiya, Mahabharata ɗinsa ta fito da Turanci a 1951. R. K. Narayan ya yi Ramayana a 1972, kuma Kamban ya bi, ba Valmiki ba.

Maman Ilham: Malam, kai da kake koyar da Magana Jari Ce? Abubakar Imam ai daga littattafan Larabawa da Turawa da Indiyawa ya kwaso labaransa da yawa, ya sa musu rigar Hausa, ba wanda ya ce ya yi ɓarna.

Malamin Adabi: Hajiya, Imam ya canza suna, ya canza gari, labarin ya zama namu. Ba wanda zai gama Magana Jari Ce ya fita yana cewa ya san littafin Indiyawa. Su waɗannan sun riƙe sunaye, sun riƙe Kurukshetra, filin yaƙin Pandava da Kaurava, sun canza zukatan mutanen. Mai karatu ba ya ganin inda aka yi ɗinki.

Anti Nas: Tun ɗazu nake bin ku, yanzu na sauka daga aiki. Akwai waɗanda ba a ambata ba. Ekalavya, yaron daji, ya koyi harbin baka shi kaɗai gaban gunkin malami Drona da ya gina da yumɓu, bayan Drona ya ƙi karɓarsa saboda asalinsa. Da Drona ya ga yaron zai wuce ɗalibinsa Arjuna, gwanin harbi a cikin Pandava, sai ya ce ladan koyarwarsa shi ne babban yatsan hannun dama. Yaron ya yanke ya miƙa. A kashin ƙarshe na Ramayana, Rama ya sare kan Shambuka don yana ɗan ƙaramin aji ya shiga ibadar da aka keɓe wa manya. Akwai mutane a Indiya yau da suke ganin kansu a cikin waɗannan biyun, ba a cikin Arjuna ba. Anand Neelakantan ya fitar da Asura a 2012, labarin ta bakin Ravana da wani talaka a cikin mutanensa. In masu nasara sun yi shekara dubbai suna ba da labari, laifi ne wanda aka ci da yaƙi ya ba da nasa?

Malamin Adabi: Ba laifi ba ne Anti. Amma wa ya adana miki labarin Ekalavya? Tsohon littafin ne, kuma bai yi wa Drona kwaskwarima ba. Nan ne nake ganin sababbin sun gaza tsohon. Juya baƙi ya koma fari abu ne mai sauƙi. Shi Vyasa bai bar kowa da farin kaya ba. Yudhishthira da ba ya ƙarya, da shi aka haɗa baki aka kashe giwa mai suna Ashwatthama, aka ce wa Drona Ashwatthama ya mutu don ya zaci ɗansa ne ya ajiye makami. Bhima ya doki Duryodhana, babban Kaurava, a cinya, abin da dokar faɗan kulki ta hana, kuma Krishna ne ya ba da shawarar. Bayan kwana 18 na yaƙi, an ware kashi guda na littafin ga mata suna bin gawawwaki suna neman mazansu da 'ya'yansu. A nan Gandhari, uwar Kaurava, wadda ta rasa 'ya'ya maza ɗari, ta tsine wa Krishna ido da ido, ya kuma karɓi tsinuwar. Littafin da ya bar uwa ta tsine wa abin bautar masu littafin, ba za a ce ya toshe bakin waɗanda aka ci ba.

Anti Nas: Gandhari sarauniya ce, Malam. Ekalavya baitoci kaɗan aka ba shi aka wuce. Uwarsa fa, me ta ce da ta ga hannun? Wannan shirun ne marubutan yanzu ke cikewa.

Maman Ilham: To ku ba ni abin yi. In ina son in ga wurin cacar nan yadda yake a tsohon, ina zan nufa?

Ɗan Pune: Fassarar Kisari Mohan Ganguli, wadda aka buga tsakanin 1883 da 1896, tana intanet kyauta, sai dai Turancinta tsoho ne. Ki nemi kashi na biyu, Sabha Parva. In kina son mai sauƙi, Bibek Debroy ya fassara tantancen Pune a juzu'i 10. Akwai kuma Jaya na Devdutt Pattanaik, na 2010, wanda a ƙarshen kowane babi yake bayanin ruwayoyi daban-daban da inda suka fito.

Malamin Adabi: Irin wannan tsarin shi nake nema. Marubuci ya ƙaga abin da ya ga dama, amma ya ware shafi biyu a baya ya ce wannan na tsohon ne, wannan na gargajiyar wuri kaza, wannan nawa ne.

Anti Nas: Tulsidas bai ware shafi biyu ba da ya kawo inuwar Sita, kuma ba ka tuhume shi ba. Me ya sa sai Divakaruni?

Malamin Adabi: Don masu sauraron Tulsidas suna da kakanni da masu waƙa da wasan dandali na shekara-shekara da za su ji wata ruwayar. Maman Ilham a nan ba ta da kowa sai littafin da ke hannunta.

Maman Ilham: Zan karanta Sabha Parva ɗin kafin Juma'a in sha Allah, in zo mu gwada da babin Divakaruni layi-layi. Amma Malam ka shirya, don ina da tambaya a kan Kunti, uwar Pandava, wadda ta ce wa 'ya'yanta su raba abin da suka kawo ba tare da ta waiwaya ta ga mace ce, wato Draupadi, ba.